Sankarar huhu: Me ya rage idan ƙwayar magani ta daina aiki?

Ga mai fama da sankarar huhu wadda ta riga ta bazu a jiki, ƙwayoyin maganin nan na zamani da ake haɗiya a gida kan kawo sauƙi cikin 'yan makonni. Tari kan lafa, numfashi ya daidaita, mutum ya koma cin abinci, har ma ya fita kasuwa.

Sai dai kuma likitocin cutar daji sun daɗe da sanin cewa wannan sauƙi yana da wa'adi. Bayan shekara guda ko biyu, wani lokaci ma fiye da haka, cutar kan samu hanyar kauce wa maganin ta sake tasowa.

Abin da za a yi daga nan ya dogara ne kacokan a kan gano dalilin da ya sa maganin ya daina aiki.

Ga majinyacin da ke zaune a Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, wato ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel a arewacin jihar Jigawa, gano wannan dalili na bukatar doguwar tafiya da kuma kuɗi masu yawa. Amma akwai wasu tambayoyin da za a iya amsawa tun daga gida.

Maganin saiti

Alƙaluman cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa sun nuna cewa a shekarar 2022 kimanin mutane miliyan 2.5 ne suka kamu da sankarar huhu a duniya, kuma ta hallaka wajen miliyan 1.8. Babu wata cutar daji da ta kai ta kisa.

Sankarar huhu iri biyu ce manya. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ke saurin yaɗuwa kuma galibi mashaya taba take kamawa. Sai kuma ɗayar, wadda ta ƙunshi kimanin kashi 85 cikin ɗari na masu cutar, kuma a cikinta ne ake samun waɗanda magungunan zamani ke yi wa aiki.

A shekarar 2004 ne masu bincike a birnin Boston na Amurka suka gano cewa a jikin wasu majinyatan, tushen matsalar wata tangarɗa ce a ƙwayar halittar da ake kira EGFR.

Aikin EGFR a jikin mai lafiya kamar na makunnin fitila ne. Idan jiki na bukatar sabbin ƙwayoyi sai ya kunna, idan an gama sai ya kashe. Tangarɗar kan sa makunnin ya maƙale a kunne, ƙwayoyin huhu su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su zama ƙari.

Magunguna irin su gefitinib da erlotinib, waɗanda suka shiga kasuwa tsakanin 2002 da 2004, suna zuwa ne kai tsaye su toshe wannan makunni. Shi ya sa za a iya kiransu magungunan saiti, domin wuri guda suke hara, saɓanin kemoterafi, wato ruwan maganin da ake ƙara wa mutum ta jijiya, wanda ke bugun duk wata ƙwayar da ke saurin girma, ta cuta da ta lafiya.

An fi samun tangarɗar EGFR a jikin mata da kuma waɗanda ba su taɓa shan taba ba. A gabashin Asiya ta kan kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na masu nau'in da ya fi yawa, a Turai kuwa kashi 10 zuwa 15. Binciken da aka yi a kan 'yan Afirka bai taka kara ya karya ba.

Ke nan matar da ba ta san ko warin sigari ba a wani ƙauye na Sule Tankarkar za ta iya kamuwa da sankarar huhu, kuma ita ce ma ta fi kusa da amfana da irin waɗannan ƙwayoyi, in har an yi mata gwajin.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya erlotinib cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, tare da gefitinib da afatinib a matsayin madadinsa. Kamfanonin Indiya na yin samfurinsu mai rangwame, don haka su ne aka fi iya saye a ƙasashe irin su Najeriya.

Kafin a ce ya daina aiki

Mai tari a Gumel da ya je babban asibitin garin, abu na farko da za a nema a jikinsa shi ne tarin fuka, kuma hakan daidai ne. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da tarin fuka a duniya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutane rabin miliyan ke kamuwa a shekara.

Matsalar ita ce cututtukan biyu sun yi kama ƙwarai: tari mai daɗewa, jini a majina, rama, zufar dare, da inuwa a hoton ƙirji. A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa, ba sabon abu ba ne mai sankara ya shafe watanni yana shan maganin tarin fuka kafin a gane ainihin abin da ke damunsa.

Wannan kamanceceniya ba ta ƙarewa bayan an gano sankarar. Majinyacin da ke shan ƙwayar saiti, idan tari ya dawo masa, zai iya zuwa asibitin da ke kusa a sake ɗora shi a kan maganin tarin fuka ba tare da likitan da ke duba shi a Kano ya sani ba.

A nan ne ake samun babbar ɓarna. Ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, wato rifampicin, wanda ke sa fitsari ya yi ja, yana zaburar da hanta ta narkar da wasu magunguna da sauri. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage yawan gefitinib da osimertinib a cikin jini da kusan kashi 80 cikin ɗari.

Wato mutum na haɗiyar ƙwayarsa kullum, yana biyan kuɗinta cikakke, amma kashi ɗaya cikin biyar kawai ke tsayawa a jikinsa. Wasu magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin ma haka suke yi.

Idan kuwa da gaske mutum na ɗauke da cututtukan biyu a lokaci guda, abin da kan faru, to dole ne likitocin ɓangarorin biyu su zauna su daidaita magungunan. Ba a dakatar da jinyar tarin fuka da ka.

Akwai kuma maganin gyambon ciki irin su omeprazole, wanda ake saye a kowane kemis ba tare da takardar likita ba. Gefitinib da erlotinib na bukatar tsamin ciki kafin su narke, shi kuwa wannan magani aikinsa rage tsamin ne. Haka kuma shan taba na rage ƙarfin erlotinib a jini.

Sai batun tsallake kwanaki. Iyalin da kuɗi suka yanke musu kan raba ƙwaya biyu, ko su riƙa bayarwa bayan kwana bibbiyu don kwalba ta daɗe. Likita ba zai san da haka ba sai an faɗa masa, kuma kunya kan hana a faɗa.

Ga kuma jabu. Hukumar NAFDAC ta sha fitar da gargaɗi kan jabun magungunan daji da ke yawo a kasuwannin ƙasar. Maganin da aka aiko da shi ta hannun wani ɗan uwa, ko aka saya ta intanet, ba kwali ba lamba, ya cancanci a kai shi likita ko masanin magunguna ya duba.

Har ila yau, sabuwar inuwa a hoton ƙirji ba lallai ba ne ta zama sankara. Za ta iya zama ciwon sanyin haƙarƙari, ko tarin fuka, ko kumburin huhu da shi kansa maganin ke haddasa wa wasu tsiraru.

Duk waɗannan tambayoyi ne da ba sa bukatar na'ura mai tsada. Abin da suke bukata shi ne a zuba duk magungunan da majinyaci ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a leda guda a ajiye gaban likita.

Yadda cutar ke kaucewa

Idan an kawar da waɗancan dalilai, kuma hoton CT ya tabbatar ƙarin na girma, to cutar ce da kanta ta sauya.

Masu shekaru za su tuna yadda kulorokwin ya yi ta warkar da zazzaɓin cizon sauro tsawon zamani, kafin ƙwayar cutar ta saba da shi har Najeriya ta sauya magani a 2005. Abin da ke faruwa a cikin ƙarin daji kusan haka ne, illa dai yana faruwa ne a jikin mutum guda cikin watanni.

Ƙari ɗaya na ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi, kuma ba duka suke iri ɗaya ba. Magani kan kashe mafi yawa, 'yan kaɗan ɗin da ba ya yi musu komai su tsira, su hayayyafa, su cike gurbin.

Hanya ta farko ita ce makunnin ya sake sauya kama, ta yadda maganin ba zai iya zama a kansa ba, kamar an canja kwaɗo an bar mutum da tsohon makulli. A 2005 aka gano irin wannan sauyi, aka sa masa suna T790M, kuma ana samunsa a jikin fiye da rabin waɗanda gefitinib ko erlotinib ya daina yi wa aiki.

Hanya ta biyu mutanen Maigatari ba sa bukatar dogon bayani a kanta. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agustan 2019, zuwa Disambar 2020 da aka sake buɗe ta Maigatari, ƙofa ce kawai aka garƙame, amma masu fasa-ƙwauri sun ci gaba da bi ta ɓarauniyar hanya. Ƙwayar sankara ma kan bar EGFR a toshe, ta buɗe wata hanyar ta daban don isar da saƙon hayayyafa. Wadda aka fi sani ita ce ake kira MET.

Hanya ta uku ta fi ban mamaki. A jikin wasu majinyata ƙalilan, cutar kan rikiɗe gaba ɗaya ta koma nau'in nan mai ƙananan ƙwayoyi, ko da mutum bai taɓa shan taba ba.

A jikin wasu da dama kuma, duk gwajin da aka yi ba a ganin takamaiman dalili.

Don bambance waɗannan hanyoyi ne likitoci ke neman a sake ɗebo ɗan nama daga ƙarin da ke girma a gwada. Akwai kuma gwajin jini da ke neman ɓurɓushin ƙwayoyin halittar ƙarin, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara amincewa da shi a 2016.

Gwajin jinin ya fi sauƙi ga mai rauni, kuma ana iya ɗibarsa a aika da shi nesa. Amma idan ya nuna babu T790M, ba a gama magana ba, domin yakan kuskure wasu masu ɗauke da shi. Kuma ba ya iya nuna cewa cutar ta rikiɗe, wannan sai an duba naman a ƙarƙashin madubin likita.

Daga Gumel zuwa Kano kimanin kilomita 120 ne, kuma a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ake iya yin hoton CT da ɗiban nama. Gwajin ƙwayoyin halitta kuwa sau da yawa sai an aika da samfurin zuwa Legas ko Abuja, ko ma Afirka ta Kudu ko Indiya, a jira makonni.

Idan aka samu T790M

Wannan shi ne sakamakon da likita ya fi so ya gani, domin akwai makullin da aka ƙera musamman saboda wannan sabon kwaɗo.

Sunansa osimertinib, wanda kamfanin AstraZeneca ke sayarwa da sunan Tagrisso, kuma an amince da shi a Amurka a watan Nuwamban 2015. Shi ma ƙwaya ɗaya ce a rana.

A wani gwaji da ya ƙunshi majinyata 419, wanda aka bayyana sakamakonsa a ƙarshen 2016, waɗanda suka sha osimertinib sun yi matsakaicin watanni 10.1 kafin cutar ta sake motsi, su kuwa waɗanda aka yi wa kemoterafi watanni 4.4.

Kalmar matsakaici a nan na nufin rabin majinyatan sun wuce wannan adadi, rabi kuma ba su kai ba. Ba wa'adi ba ne da aka yanka wa kowa.

Wani abin da ya fifita osimertinib shi ne yana shiga ƙwaƙwalwa fiye da magabatansa, kuma ƙwaƙwalwa na cikin wuraren da wannan sankara ta fi son zuwa.

Tun daga 2018 ƙasashe masu arziki suka koma fara jinya da shi kai tsaye, bayan wani gwaji ya nuna yana riƙe cutar watanni 18.9, idan aka kwatanta da watanni 10.2 na tsofaffin ƙwayoyin.

Wannan ya sa majinyacin London da na Gagarawa ba tambaya ɗaya suke yi ba. Na London ya riga ya sha osimertinib, yana neman abin da ke bayansa. Na Gagarawa kuwa, wanda ya fi yiwuwa ya soma da gefitinib mai rangwame, har yanzu yana da wannan mataki a gabansa, idan gwaji ya nuna T790M kuma aljihu ya ɗauka.

Aljihun ne dai gagarabadau. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, kuma darajar naira ta faɗi warwas tun daga tsakiyar 2023, kwalbar wata guda ta ainihin kamfanin ta fi ƙarfin albashin yawancin ma'aikata nesa ba kusa ba. Wasu kamfanonin Bangladesh na yin samfurinsa da ya fi araha, kuma shi ne mutane da yawa a ƙasashe matalauta ke nema, abin da ke sake dawo da batun tabbatar da ingancin abin da aka saya.

Wasu iyalan kan ce tunda gwajin ma kuɗi ne, gara a sayi maganin kawai a jarraba. Lissafin bai fita ba. Kusan rabin majinyatan ba su da T790M, kuma amfanin da za su samu kaɗan ne, alhali kuɗin wata guda na maganin zai iya biyan gwajin.

Bayan osimertinib

Shi ma osimertinib yana da ranar da zai gaza. A nan hanyoyin kaucewar sun fi yawa kuma sun fi warwatsuwa: wasu ta MET, wasu ta wani sabon sauyi mai suna C797S, wasu ta rikiɗewa.

Idan cutar ta motsa ne a wuri ɗaya ko biyu kawai, alal misali a ƙashi ko a ƙwaƙwalwa, sauran jikin kuma na lafiya, likitoci kan bar majinyaci a kan ƙwayarsa, su gasa wurin da na'ura, wato rediyoterafi. Hakan kan ƙara watanni kafin a bukaci sauya magani.

Na'urorin gashi kaɗan ne a arewacin Najeriya. Akwai cibiyoyi a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da kuma Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, kuma a watan Yulin 2025 an ƙaddamar da sabuwar cibiyar jinyar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ga maƙwabta na jihar Damagaram da ke shigowa kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis, cibiyar gashi ta farko a Jamhuriyar Nijar ta soma aiki ne a Yamai a 2021.

Tarihin irin waɗannan na'urori a yankin cike yake da lalacewa da dogon layi, don haka yana da kyau a tabbatar na'ura na aiki kafin a ɗauki shatar mota.

Idan kuwa cutar ta motsa a wurare da yawa, ginshiƙin jinya a ko'ina a duniya shi ne kemoterafi, galibi haɗin pemetrexed da carboplatin ko cisplatin. Ana ƙara shi ne sau ɗaya duk mako uku, yawanci sau huɗu, daga nan a ci gaba da pemetrexed kaɗai idan jiki ya karɓa.

Jama'a na tsoron kemoterafi, kuma mutumin da ya saba da ƙwaya ɗaya a gida kan ga komawa ƙarin ruwa tamkar an sallame shi ne. Amma wannan haɗi na cikin waɗanda jiki ya fi jurewa, kuma ba kasafai yake zubar da gashi gaba ɗaya ba. Mafi muhimmanci, tsofaffin magunguna ne da ake samu a manyan asibitocin koyarwa na Najeriya.

Pemetrexed na da sharuɗɗa. Dole ne a fara shan folik asid, ƙwayar nan da ake bai wa masu juna biyu a wajen awo, tare da allurar bitamin B12, tun kafin zagaye na farko, don rage illa ga jini da baki. Dole ne kuma a duba ƙoda, a kuma guji magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen a kwanakin ƙarin, sai da izinin likita.

Idan ɗiban nama ya nuna cutar ta rikiɗe zuwa mai ƙananan ƙwayoyi, haɗin kan sauya zuwa etoposide da carboplatin ko cisplatin. Su ma tsofaffi ne masu sauƙin kuɗi, sai dai ba wanda zai san su ake bukata idan ba a duba naman ba.

Wani gargaɗi da likitoci ke yi shi ne kada a yar da ƙwayar saiti rana ɗaya don kawai hoto ya nuna cutar ta motsa. Wani ɓangare na ƙarin na nan a danne, kuma a jikin wasu yakan taso da ƙarfi cikin kwanaki idan aka janye maganin kafin na gaba ya fara.

Sabbin magunguna

A 'yan shekarun nan an samu ƙarin makamai, ko da yake kusan duka sun fi ƙarfin talaka.

Amivantamab magani ne da ake ƙarawa ta jijiya, wanda ke toshe EGFR da MET a lokaci guda. A gwajin da aka bayyana a 2023, haɗa shi da kemoterafi ya riƙe cutar watanni 6.3, kemoterafi kaɗai kuma watanni 4.2. Amurka ta amince da wannan haɗi a watan Satumban 2024. Yana zuwa da ƙuraje, da ciwon farce, da kuma zazzaɓi ko sarƙewar numfashi a ƙarin farko.

Watanni biyu ba abin rainawa ba ne ga wanda ke jiran aurar da 'ya ko ganin jika. Amma iyalin da ke shirin sayar da gona ko garken da suka gada sun cancanci a faɗa musu wannan adadi ƙarara kafin su sa hannu.

A watan Yunin 2025 FDA ta amince da datopotamab deruxtecan ga waɗanda ƙwayar saiti da kemoterafi duk suka gaza musu. Shi wannan yana ɗauke ne da guba a jikin wani sinadari da ke manne wa ƙwayar sankara, ya sauke mata a ciki. Ƙarin ya ragu a jikin kimanin kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka gwada a kansu.

Ƙasar Sin ma ta shigo fagen. A 2024 ta amince da ivonescimab tare da kemoterafi, a 2025 kuma da haɗin savolitinib da osimertinib ga waɗanda cutarsu ta bi ta MET.

Akwai kuma inda tsada ba ta biya bukata ba. Magungunan zaburar da garkuwar jiki irin su pembrolizumab sun sauya rayuwar masu sankarar huhu da dama, musamman mashaya taba. Amma a gwajin da aka yi wa majinyata 492 masu tangarɗar EGFR, wanda aka bayyana a 2023, ƙara shi a kan kemoterafi bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba. Bugu da ƙari, shan osimertinib jim kaɗan bayan irin wannan magani na ƙara haɗarin mummunan kumburin huhu.

Ba EGFR kaɗai ba ne makunni. A 2007 masu bincike a Japan sun gano wata tangarɗar mai suna ALK, wadda aka fi samu a jikin masu ƙarancin shekaru da ba sa shan taba. Wanda crizotinib ya daina yi wa aiki na iya komawa alectinib ko lorlatinib, kuma a 2024 an bayyana cewa kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka fara da lorlatinib cutarsu ba ta motsa ba bayan shekaru biyar.

Abin da ake iya yi a kusa da gida

Asusun tallafa wa masu cutar daji da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2021 ya soma ne da sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta furostet ta maza. Mai sankarar huhu galibi dangi ne gatansa.

Duk matakin da aka zaɓa, akwai jinyar da ba ta jiran sakamakon gwaji. Ruwan da ke taruwa a ƙirji ya hana numfashi ana iya zuƙe shi da allura ko roba, kuma sauƙin kan zo nan take. Ciwon ƙashi kan lafa da gashi ko da sau ɗaya ne. Mofin na sha, wanda mutane ke gudu don zaton maganin masu gargara ne, yana rage raɗaɗi da kuma sarƙewar numfashi, kuma yana cikin mafi arahar magunguna.

A wani gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2010, likitoci a wani babban asibiti na Boston sun raba majinyata 151 masu sankarar huhu da ta bazu gida biyu. Waɗanda aka haɗa da masu kula da sassauta raɗaɗi tun daga farko sun fi samun natsuwa, kuma sun rayu matsakaicin watanni 11.6, sauran kuwa watanni 8.9.

Yawancin wannan kulawa, da gwajin jini tsakanin zagayen kemoterafi, ana iya yinsu a Gumel ko Dutse ko Birnin Kudu, muddin likitan da ke can ya san abin da aka tsara a Kano. Hakan na rage zirga-zirga a kan hanya ga mutumin da ko zama a mota wahala ne gare shi.

Saboda haka ne takardu ke da muhimmanci. Ya kamata iyali su riƙe kwafin sakamakon ɗiban nama na farko, da na gwajin EGFR, da faifan hoton CT, da sunan kowane magani da ranar da aka fara shi.

Naman da aka ɗiba tun farko ma ba a zubar da shi. Ɗakin gwaji kan daskarar da shi a cikin ɗan dunƙulen kakin da bai wuce akwatin ashana ba, ya ajiye shi shekaru da lamba a jikinsa. Majinyaci na iya neman a ba da shi ko a aika da shi wani ɗakin gwajin, kuma da wannan lambar da ke saman takardar sakamako ake nemo shi.